Hausar Kyaftin Sa'idu

Shekara biyu Abdul'aziz yana ɗumama benci a ƙungiyar Kadojin Lyon. Karatun injiniya ne ya kawo shi daga Zinder, amma ƙwallon Amurka ta shiga ransa, wannan da ake sa hular ƙarfe ana ture-ture kamar raguna. Rigarsa kullum fes take komawa gida, abin har yana ba shi kunya.

A bazarar 2011 dama ta faɗo. Za su karɓi baƙuncin Giwayen Stains, wata unguwa a gefen Paris, kuma Giwaye sun shiga uku a bana: Amurkawan nan biyu da suka riƙe musu tsaron baya shekara da shekaru sun tattara sun koma gida. Sai aka ɗauki kyaftin aka liƙa wa Sa'idu, mai gemu da furfura, wanda gwiwoyinsa ke ƙara in ya durƙusa. Kowa ya ce sun mutu. Abin mamaki, tun da tsohon ya karɓa ba wanda ya keta su, kuma ba wanda ya gane yadda yake juya yaransa.

Kocin Kadoji, Guillaume, ya ce da Abdul'aziz ya je Paris ya leƙo atisayensu. In ya dawo da sirrin, zai buga.

Ya je. Niyyarsa ya laɓe cikin 'yan kallo, jakar Kadoji a kafaɗa don ya manta bai sauya ba. Yana isa bakin fili ya ji wani ƙato yana waya, yana tambayar lafiyar mutanen Maradi, ashe kyaftin Sa'idu ne da kansa. To ɗan Damagaram ya ji babba na Hausa a ƙasar Turawa ya wuce ba gaisuwa? Ai ƙafafunsa ma ba su yarda ba. Ya rusuna, ya gaida Baba Sa'idu, aka tambayi gida, aka tambayi karatu, aka tambayi sanyin Lyon. Tsohon ya dubi jakar sau ɗaya, ya ce Allah ya yi albarka, har ya nuna masa inda zai zauna ya fi gani da kyau.

Aka fara atisaye. Sa'idu ya tsaya tsakiyar yaransa, yana ta gyara ɗan tawul ɗin da ke maƙale a ƙugunsa, sai ya buɗe murya. "Ku afka!" Suka afka. Ya ce su ja baya, suka ja. Ya ce su toshe tsakiya, suka toshe.

Abdul'aziz ya kusa faɗowa daga kujera. Ashe sirrin da ya hana Faransa barci Hausa ce tsagwaronta! Da aka tashi ya yi wa wani baƙin saurayi cikinsu, Daouda, sannu da aiki. Yaron ya yi murmushi ya wuce, Abdul'aziz ya ce a ransa 'yan Paris dai ba su da tarbiyya. Ya bi ta Château Rouge, unguwar 'yan Afirka, ya sayi kilishi don murna, ya kama jirgin Lyon yana jin kansa kamar wanda ya ci zaɓe.

Ranar wasa Guillaume ya cika alkawari. Aka ajiye Abdul'aziz dab da mai jefa ƙwallo, aikinsa ya saurara ya raɗa.

Abin ya yi kyau da farko. Sa'idu ya ce a afka, Abdul'aziz ya raɗa, aka jefa ƙwallo ta saman kawunansu. Sa'idu ya ce a ja baya, aka kutsa ta ƙasa. Ba wani ci mai yawa aka samu ba, don tsohon kan bar su su ɗan matsa ne kawai sannan hanya ta toshe, amma Guillaume sai dukan kafaɗar Abdul'aziz yake yana kiransa gwani. Rigar nan ta sha ƙasa a karon farko, ya ji daɗi har cikin ƙashinsa.

Lokaci ya zo ƙarshe. Giwaye na gaba da kaɗan, Kadoji na bakin layin ci, saura hari ɗaya tak. Sa'idu ya miƙe da ƙyar, ya mayar da tawul ɗinsa ɗaya ƙugun, ya kwarara ihu yadda har na bayan fili za su ji.

"Ku watse gefe! Ku bar tsakiya!"

Abdul'aziz ya juya wurin mai jefa ƙwallo. Wannan karon bai tsaya ga raɗa ba, ya ce a ba shi ƙwallon da kansa. Ya riga ya ga sunansa a bakin mutanen Zinder. Ya rungume ta, ya sunkuyar da kai, ya zabura tsakiya.

A can ya tarar da Giwaye kaf, ba wanda ya je ko'ina. Suka haɗu a kansa kamar buhunan shinkafa, alƙali ya busa, wasa ya ƙare.

Da aka ɗaga na sama ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe shi ne Sa'idu. Ya miƙa hannu ya tashe shi, ya karkaɗe masa ciyawa, ya tambaye shi ina gajiya. Abdul'aziz, haƙarƙari na zogi, hawaye na neman zubowa, ya kasa haɗiye abin.

"Baba, ka ce su bar tsakiya. Da kunnena na ji. Me ya sa ba su bi maganarka ba?"

Tsohon ya zare tawul ɗin ya goge gemu, ya dube shi da tausayi.

"Wace magana, yarona? Waɗannan 'yan Mali ne da 'yan Martinique, tawul suke kallo. Duk ƙungiyar nan ba mai jin Hausa ko ta sannu. Tun ranar da ka zo gaishe ni, da kai kaɗai nake magana."