Baƙin Mai a Gyambon Jakinmu

Ranar da ƙungiyar kula da dabbobi ta zo ƙauyenmu daga Madani, aka ce duk jaki mai gyambo ƙwacewa za su yi. Namu kuwa shi ke ɗebo mana ruwa. Na shafe ciwonsa da baƙin man inji, na rufe da akumari, shimfiɗar da ake aza masa a baya.

Likitarsu ta ɗaga akumarin, wari ya buge mu. Baba ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Wa ya shafa wanga?"

Na ce, "Ni ce."

Ta kama hannuna, na runtse ido ina jiran duka. Sai ta aza tafina kusa da gyambon. Fatarsa ɓari take yi.

"Kin ji, ɗiyata? Ya fi ki jin tsoro."

Ba su ƙwace shi ba. Amma har yau, in na shaƙi warin baƙin mai, sai na ji ɓarin nan a tafina.