Famfon Gidan Ɗantala

Mutanen Kukar Bawa kan ce ba a taɓa yin Sarkin Ruwa, wato mai kula da famfunan gari, mai himmar Ɗantala ba. Dole ya yi himma, domin sabon injin rabon ruwa na garin ba ya sakar wa gidansa ruwa sai kowane gida ya ɗiba. Kowa na jin daɗin tsarin.

Ran nan har azahar matarsa ba ta ɗora girki ba, don ruwa bai zo ba. Injin ya nuna masa gidan da ya rage bai ɗiba ba: na Goggo Lantana, wadda ya rushe wa dakali garin gyaran kwata.

Ya tarar da randunanta wayam.

"Goggo, famfonki ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, ɗan nan. Ƙishirwar ce ban ji ba tukuna."

Ɗantala ya durƙusa.

"Na rushe dakalinki ko sallama ban yi ba. Ki yafe mini, Goggo."