Sharaɓar Ɗan Dambe

"Taɓa ki ji, Maman Ton. Wannan sharaɓa ce ko taɓarya?"

Mijina Thongsuk ya matsa ƙafar ɗanmu yana dariya. Shekarun Ton shida, kuma gobe ne dambensa na farko a bikin haikali.

"Sau uku ya faɗi yau," na ce.

"Ke dai farar kura ce. Ni sau nawa na sha ƙasa kafin na ci kambu?"

Ton ya yunƙura zai tashi. Ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya bi cinyoyinsa da hannu har ya miƙe. Haka ƙanena Kaeo yake tashi. Likita ya ce mana kumburin sharaɓar Kaeo kitse ne, naman mutuwa yake yi, kuma ta jinin uwa ciwon yake bi. Yana shekara sha biyu ya daina tafiya, yana sha tara muka ƙone gawarsa bisa al'adarmu. Thongsuk kuwa ce masa na yi haɗarin babur ne ya kashe shi, don kada ya fasa aurena.

"Bari in ba ki sirri," ya ce. "Ranar da na fara shiga gidanku ko kallonki ban yi ba. Hoton ƙanenki na gani a bango. Na ce gidan da ke haifar irin ƙafar nan, nan zan samo zakara."

Ashe shekara takwas ina gadin soyayyar da babu ita.

Na ce, "Kwance masa naɗin damben da ke hannunsa, Baban Ton. Gobe asibiti zan kai shi. Kai kuma zauna, yau za ka ji abin da ka aura."