Fankon Kan Jirgi

"Mai inji za ka ɗauka, Alhaji, ko fanko?" in ji mai shagon, ya ajiye ƙananan kawunan jirgin ƙasa na wasa guda biyu a kan kanta. Kamarsu ɗaya, har fenti.

Tsohon ya ɗaga na farko, ya ji nauyinsa. Ya mayar.

"Ba ni fankon, ɗana."

Mai shagon ya tuntsire da dariya. "Haba Alhaji! Shekara talatin kana jan jirgi daga Alƙahira zuwa Aswan, yau ka ƙare da gawa? Wannan fa ko an kunna wuta ba ya motsi."

"Shi nake nema."

A gida matarsa ta ajiye masa shayi, ta fita. Tun da ya bar aiki yake gina ɗan ƙauyen kwaikwayo a kan teburin falo: gonakin rake, magudanar ruwa, hasumiyar masallaci, da inda hanya ta keta layin dogo. A ainihin wannan mararrabar ce wata safiya ya ja birki har ƙarfe ya yi kuka, jirgin ya ƙi tsayawa. Ya bi ta kan wani amalanken jaki, rai uku suka tafi. Kotu ta wanke shi, zuciyarsa ta ƙi.

Ya ɗora kan jirgin a layi, ya tura shi da yatsa, ya tsayar da shi taƙi guda kafin mararrabar. Sannan ya ɗauko ɗan amalanken jaki, uwa da 'ya'yanta mata biyu a kai, ya ƙetarar da su a hankali.

"Ku wuce," ya ce. "Na tsaya."