Akwatin da Ba Shi da Madanni

Kai da ka ce gobe za ka kasuwa zaɓen na'urar kiɗa, tsaya ka ji wannan tukuna. An yi wani dillalin motoci, mutum mai idon sanin kaya, wanda daga ƙarar inji kawai yake gane motar da ta sha wuya. Mahaifiyarsa ta makance bayan rasuwar mijinta. Abin da ya rage mata na ɗebe kewa shi ne manyan sifikun da marigayin ya bari, da rakodar da take sa kaset ɗin garaya da kalangu na zamanin amarcinta. Sai rakodar ta tsufa, ta shiga cinye kaset ɗaya bayan ɗaya. Ɗaki ya yi tsit, tsohuwa ta fara ramewa, abinci ma sai an yi da gaske. Aka ba dillali labarin wani akwati da ake haɗawa da sifiku, ya riƙa janyo waƙa daga intanet, ba kaset ba faifai. To shi ɗan fari ne. Uwar ba ta kama sunansa, ba ta doguwar magana da shi, duk abin da ke tsakaninsu ta bakin ƙanwarta yake bi. Ƙanwar ta ce ya dakata ta tambayo irin wanda tsohuwar take so. Gogan naka ya yi dariya, ya ce abin da tsohuwa ba ta taɓa gani ba me za ta ce a kai? Ai zaɓen kaya sana'arsa ce.

A kanti aka ajiye masa guda biyu. Ɗaya ƙarami ne, da madannai tudu-tudu irin na tsohuwar rediyo, kowane madanni ana iya ɗaure masa tasha ko jerin waƙoƙi. Ɗayan ƙato, fuskarsa gilashi sumul, shafawa ake yi ya amsa. Ya ɗaga ƙaton ya ji nauyi kamar mai taya rago, ya gyaɗa kai. Har ido ya rufe don ya ji zaƙin sautin da kyau, amma ko kusa bai yi tunanin ya lalubi akwatin ido a rufe ba. Ya sayi ƙaton, ya kai gida ya haɗa, garaya ta cika ɗaki, tsohuwa ta sa albarka. Kullum da yamma yakan biyo ya kunna mata da wayarsa, in an tambaye ta ta ce sai godiya. Wace uwa ce za ta kushe kyautar ɗan farinta? Amma ramar ba ta tsaya ba, abin ya dame shi ƙwarai.

Ran nan da rana tsaka ya biyo kawo mata magani. Ya ɗaga labule, sai ya gan ta durƙushe gaban akwatin, tana shafa gilashin daga wannan kusurwa zuwa waccan tana neman inda za ta danna, tana rera waƙar a hankali da bakinta. Ashe yini take yi cikin shiru tana jiran yamma. Kunya ta kama shi, idonsa ya ciko. Ya saki labulen, ya nemi ƙanwar uwar tasa, ya ce don Allah yanzu a tambayo ta. Amsar ba ta da tsawo: tana son abin da yatsanta zai gane. Ya koma kanti ya rufe ido, ya lalubi ƙaramin nan har ya tabbata, aka yi musanya.

Washegari tun daga zaure ya jiyo kalangu na tashi, ba kuwa shi ya kunna ba. Ya tarar an sauke mata tuwo tana ci. Da ta ji takunsa sai ta juya wajen ƙanwarta ta ce, “Ki faɗa wa mutumin nan, yau ni na kunna da hannuna.”

Saboda haka kafin ka tafi kasuwa, fara tambayar wanda zai yini da abin. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.