Mai Farar Ƙota

Sati uku ke nan Uwaisu bai ɗinka ko takalmi ɗaya ba. Basilla na ajiye, fatun da aka aiko masa daga Kano na jibge a lungu, shi kuwa yana zaune a shagonsa na unguwar Tremont, can ƙasar Turawa, yana jan fuskar waya da babban yatsansa mai tsaga. Wani ƙaton Bature yake kallo, yana shafa bindiga kamar jaririyar da aka haifa masa jiya. Har sumbatarta ya yi. Uwaisu ya ja tsaki, ya kife wayar. Ba a yi minti biyu ba ya sake ɗauka.

Abin da ya jefa shi cikin wannan ƙazantar kowa ya sani. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana tsaka da rina fata, hannunsa jajawur da karan dafi, wani ya faɗo shagon fuska a rufe, ya ɗora masa bakin bindiga a kan hanci. Bai bari an ji muryarsa ba. Uwaisu ya kwaso abin da ke aljihun tebur ya miƙa, ɓarawon ya mai da bindigar hagu, ya karɓa da dama. Zai fita kuma, don tsabar mugunta, ya kawo masa duka da gindinta. Uwaisu ya tare da hannu, duk da haka sai da goshi ya sha ɗinki huɗu. Baduku guda, aka kwantar da shi ana ɗinke shi kamar jaka.

Ya gaya wa ɗan sanda maganar sauya hannun. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ko rubutawa bai yi ba.

Ɗanjuma ne ya fara isowa ranar. Direban tasi ne, ɗan unguwarsu tun daga gida, sahu ɗaya suke salla. Shi ya danne masa goshi da hularsa, shi ya kai shi asibiti. Tun daga nan kullum sai ya leƙo da kunun gyaɗa da magana guda: garin nan ba ya tausayin wanda ba shi da ƙarfe. Lasisi kuwa wata da watanni ne, ga tambayoyi har sunan kakarka. Hanya biyu ce, in ji shi. Ko Uwaisu ya sayi ɓangarorin bindiga ya haɗa da kansa, tunda mai sana'ar hannu ne, ko ya sayi wadda wani gwani ya riga ya ƙera.

Indo, matar Uwaisu, ba ta ɓoye masa ba.

"Malam, saura wata ɗaya a kira ka hirar zama ɗan ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ko takardar tara ba a taɓa manna maka a mota ba. Aka kama ka da wannan abin babu lasisi, jirgi za a sa ka. Ni da 'yarka Firdausi ka bar mu da wa?"

Gaskiya ta faɗa, ya sani sarai. Amma ba ita ce ke jin mararta ta saki duk lokacin da ƙofar shago ta motsa ba.

Ya fara duba maganar haɗawa. Hotunan ɓangarorin ya gani a baje kamar kayan cikin kaza. Hannun da mahaifinsa ya koya wa ɗinka gafakar Alƙur'ani, shi zai zauna ya harhaɗa abin fasa kan mutum? Ina. Gara ya saya, ko ba komai ba daga hannunsa ta fito ba. Ya san hujjar matsoraci ce, kuma ƙyamar kansa da ya ji ta fi ta bindigar.

Da ya faɗa wa Ɗanjuma, sai ga baki har kunne. Ashe gwanin da ake ta faɗa shi ne da kansa.

Ranar Laraba da azahar suka haɗu cikin tasin, an faka ta a unguwar Parkchester ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Motar na warin tsohon mai da turaren kanti. Takardar kiran hira na aljihun Uwaisu, yana jin gefenta na sukar ƙirjinsa. Ɗanjuma ya zaro ƙunshi daga ƙarƙashin kujera. Da sallaya ya naɗe ta. Uwaisu ya kau da kai, ya yi istigfari a ransa.

"Ni na haɗa ta, Yaya, da hannun nan," in ji Ɗanjuma, murya cike da alfahari. "Ƙotar ma ni na sassaƙa, farin katako, ban shafa mata komai ba. Wallahi tun da na gama ta babu mahalukin da ya riƙe ta sai ni. Kai ne na biyu."

Ya mai da ita hannun dama, ya miƙa cikin ladabi.

Uwaisu ya karɓa da yatsu biyu kamar mushen ɓera. Ga nauyi, ga sanyi, ga maiƙo. Jirgi ya wuce a samansu, motar ta ɗauki rawa. Ya juya ta a hankali, yana neman inda zai kama ba tare da ya taɓa kunamar ba.

"Ɗan tabon nan na ƙasa kada ya dame ka," in ji Ɗanjuma. "Manja ne ina jin. Na goge, na goge, ya ƙi fita."

Ba zai fita ba kuwa, Uwaisu ya fi kowa sani, karan dafi in ya kama ya kama. A gindin farar ƙotar, jajawur, shatin babban yatsan Uwaisu ne na ranar da ya tare duka, har da tsagar da basilla ta yi masa yana ɗan shekara tara.