Ranar Da Mordecai Ya Ci Kofi

Mordecai ya shigo flat ɗinsu na Abbey Wood riƙe da kofi. Yau dai ya ci gasar kamun kifi ta Thamesmead, bayan shekaru yana shan kaye.

"Ina kifin?" in ji matarsa Dokas, tana yanka albasa.

Gabansa ya faɗi. Dokar gasar ita ce a auna kifi, a mayar da shi ruwa. Amma duk Asabar yakan dawo da ƙatuwar tarwaɗa, ya ce shi ya kamo.

"Yau kyauta na yi da shi."

"Madalla, Baban Gift. To kira Mariatu mai kifi ta Peckham. Tun ɗazu take bugo mini, wai ba ka zo ba, ko lafiya? Ta ajiye maka tarwaɗarka."